Guntun Kuge a Haɓar Zani

Da na ce masa ba zan je ba, da ya haƙura ya zauna, ya cika a ɗakinsa na Durun, 'ya'yansa su yi masa sutura? Ko kuwa da ya saɓi jakarsa ya tafi shi kaɗai, kurma, cikin ƙasar da ba shi da kowa? Shekara biyu ke nan ina juya tambayar nan kamar waina a tanda, ban ga gefen da ya nuna ba. Malama Rabi, maƙwabciyata da take rubuta mini wannan don ni ban yi karatu ba, ta ce in bari, ƙaddara ce. Na sani. Amma sanin ƙaddara bai taɓa hana ido zubar da ruwa ba, kuma ba zan ɓoye ba, ina faɗa ne ina kuka.

Sunan mijina ban taɓa kamawa ba yana raye, ba zan fara ba yana kabari. Malam nake ce masa. Mutanen gari kuwa Mai Guduma suke ce masa, don tun yana saurayi fasa dutse ce sana'arsa. Daga Kabo har Gwarzo har Mainika, da wuya ka taka kwalbati ko harsashin masallaci da babu tsakuwar hannunsa a ciki. Da fari da wuta yake aiki: a hura itace a kan dutse har ya ɗau zafi, a kwara masa ruwa, ya tsage. Da kamfanoni suka zo da nakiya ya yi musu aiki, nakiyar ta cinye masa kunne, ƙurar dutse ta zauna masa a ƙirji. Ni kuma ƙuli-ƙuli nake soyawa ina sayarwa.

Dutse ɗaya ne bai taɓa ɗaga wa guduma ba. Bayan ƙauyenmu akwai tsauni, a kafaɗarsa akwai wani falalen dutse da ya kai tabarma biyu, zaune a kan duwatsu uku kamar tukunya a murhu, iska tana ratsawa ta ƙarƙashinsa. In an ƙwanƙwasa shi, amo yake yi irin na ƙarfe, shi ya sa ake ce masa Kuge. A jikinsa akwai gurabu biyar da bugun mutanen da suka shuɗe ya cinye, kowane gurbi da muryarsa. Da shi ake kiran gayya, da shi ake shelar gobara. Ranar da aka kawo ni garin, shi 'yan mata suka kaɗa. Bayan Malam ya kurumce, mukan hau da yamma, ya jingina kan gudumarsa da dutsen, ya ciji ƙotar, ya ce in buga. Ta haƙori yake ji.

Wata kaka, bayan an gama kai amfani gida, muka tashi muka ga jan fenti a gindin tsaunin. Wani kamfani ya samu izinin fasa shi. Dagaci ya tara dattawa a zaurensa, ni kaɗai ce mace a wurin, don ni ce kunnen Malam. Dagaci ya ce ya roƙi arziki, kamfanin ya yarda ya ɗauko Kuge da injin ɗaga kaya ya ajiye a ƙofar gidansa, a zuba masa siminti ya zauna daram. Sauran tsaunin su ci.

Na ɗaga murya na gaya wa Malam a kunne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in an yanke harshen mutum an kafa a ƙofar gidanka, zai gaishe ka da safe?"

Aka yi dariya, ban da dagaci. Malam ya ce amon ba a cikin dutsen kaɗai yake ba, yana cikin zaman da Allah ya yi masa. In an gusar da shi ko da taƙi ɗaya, ko nakiya ta girgiza ƙasan, ya zama dutsen wanki.

Magana ta kai gaban hakimi. Ya ce baki ba ya tsayar da injin, a kawo masa rubutu daga masana dutse, shi kuma zai kai gaba. Amma a hanzarta, kamfanin zai fara aiki kafin ruwa ya sauka.

Rubutun yana nan, sai dai yana Abzin, can ƙasar Buzaye. Shekarun baya akwai wani Buzu mai suna Agali da ya yi gadi a wurin da Malam yake fasa dutse. Shekara uku yana cin tuwona. Da ya koma ƙasarsu ya zama mai yi wa masana jagora cikin duwatsu, har ya taɓa kawo mana wata malamar jami'a, ta yi kwana huɗu tana auna Kuge tana ɗaukar hoto. Daga baya ya aiko cewa ta rasu, ta bar takardun a hannunsa. Lambar wayarsa ta daina shiga tun tuni. 'Ya'yanmu suka ce su za su je. Malam ya ce Agali ba zai miƙa amanar mamaciya ga fuskar da bai sani ba. Sai muka shirya tafiya, ni da shi.

Yanzu ga abin da na yi, Malama, rubuta shi yadda yake. Ana gobe za mu tashi, na ɗauki ƙaramar gudumar Malam na hau tsaunin da hantsi, na ɓalgaci gefen Kuge. Guntun bai fi ɓarin goro ba. Shekara arba'in ina talla, ban taɓa ce wa mutum ya yarda ƙulina da daɗi ba sai na gutsura masa ya ɗanɗana. Na ce a raina, yaya za mu je wa masana da baki kawai? Na ƙulle shi a haɓar zanena, ban gaya wa kowa ba.

A Kwangwalam, bakin iyaka, wani jandarma ya juya katinanmu na shaida ya ce, "Inna, ina aka nufa da tsohon nan?"

"Abzin."

"Wajen 'ya'ya?"

"Wajen takardar dutse."

Ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ji. Mutanen Kano za su Abzin saboda dutse. Inna, na Kanon sun ƙare ne?"

Na ce, "Saura kaɗan, ɗana. Shi ya sa."

Ya daina dariya, ya miƙo mana katinan, ya ce mu nemi bargo a Damagaram, sanyin can ba irin namu ba ne.

A tashar Damagaram aka fara koya mana baƙunci. Wani ɗan kamasho mai kyakkyawar hula ya tare mu da gaisuwa kamar ya san kakanninmu. Da na ambaci Agali sai ya tafa hannu.

"Agali? Dogo, mai rawani? Inna, ai kusan ƙanen babana ne!"

Ya karɓi buhun ƙuli-ƙulin da na yo mana guzuri, ya ce zai ɗaura a saman mota. Ya tura mu cikin wata da ta cika saura mutum biyu. Muna zama ta tashi. Mun yi nisa, rana ta karkata, sai matar da ke kusa da ni ta ce, "Ku ma Gure za ku?" Na ce Agadas za mu. Ta riƙe haɓa tana salati. Gabas muke yi tun ɗazu, Agadas kuwa tana arewa.

Direba ya sauke mu a wani ƙauye a bakin hanya. Ya hau saman mota ya duba, babu buhu, ba a taɓa ɗora shi ba. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Malam ya tsuguna a gabana.

"Dije, mun yi da ke, ke ce kunne, ni ne ido. Yau kunne ya kai mu gabas."

Na ce da ƙarfi, "Idon yana ina sanda aka ɗauke buhun?"

"Yana kallon hularsa. Hular ta yi kyau." Ya yi tari, ya ƙara da cewa, "Kuma duk Buzun duniya dogo ne mai rawani. Da mun yi tunani."

Wata mai fura ce ta ga tsofaffi biyu suna dariya da hawaye a bakin titi, ta ja mu gidanta. Ba ta tambayi sunanmu ba sai washegari. Kwana biyu muka yi, ta ba Malam bargon mijinta da ya rasu, ta roƙi wani mai motar gero ya mai da mu Damagaram. Na nemi abin da zan ba ta, hannuna ya kai haɓar zani, na taɓa guntun dutsen, na janye kamar na taɓa garwashi.

Daga Tanut itatuwa suka fara ƙarewa. Ni da na saba ko'ina na waiga in ga rumbu da kuka da ɗorawa, sai ga ni a ƙasar da ido yake tafiya har ya gaji bai samu abin dafawa ba. Can na fara jin kewar gida a hanci. Warin daddawa nake nema, da hayaƙin karan dawa. Motoci suna tafiya ne a ayari, in an ce a jira rakiya sai a jira, ko yini guda ne. Tarin Malam ya ƙaru. Yakan juya baya ya tofa a tsumma ya ɓoye, ni kuma in yi kamar ban ga jan ba.

Tsakar rana tayarmu ta fashe, jak ɗin da direba yake ɗaga motar da shi yana nutsewa cikin yashi. Ya ɗauko wani faffaɗan dutse zai sa a ƙarƙashi. Malam ya sauko da ƙyar, ya ƙwanƙwasa dutsen yana dafe da shi da tafin hannu, ya ce, "Wannan ruɓaɓɓe ne, zai ba ka kunya."

Direba ya ce, "Baba, koma inuwa. Dutse har ruɓa yake yi?"

Mota ta ɗagu kaɗan, dutsen ya dare gida biyu, saura ƙiris ƙafar direban ta tafi. Malam ya zaga, ya ƙwanƙwasa uku, ya nuna wani baƙi mummuna da ƙafa. Shi ya riƙe motar. Daga nan har Agadas a gidan gaba Malam ya zauna, direba yana ce masa Injiniya, yana zuba masa shayi.

Agadas ta ci mana mako uku. Agali ba ya cikin gari, kuma Agali a can kamar Audu ne a Kano. Mun bi maƙeran azurfa, mun bi masu shayi, mun bi tashar raƙuma, kowa ya nuna mana nasa Agalin. Wata mai abinci, Hajiya Tamu, ta ba mu ɗaki a bayan rumfarta, ni kuma na karɓi turmi da kasko. Da ta ɗanɗana ƙulina ta ce, "Wallahi ba za ki tafi ba, tsohon ya je ya auri dutsensa." Ta sa ana yi mata shela, ƙulin Kano ya zo.

Da wayarta na kira babban ɗana. Ya ce matarsa ta sauka, an yi suna ba mu nan. Ya ce injinan kamfanin sun iso tsaunin da ke gaban namu, in sun harba nakiya kwanuka suna rawa a kan kanta. "Inna, don Allah ku dawo. Dutse ne fa."

Na je na tarar da Malam kwance cikin bargo. Na sa baki a kunnensa na ce, "An yi maka jika. Mu koma."

Ya kalli rufin ɗakin. Ya ce, "Shi ya sa ba za mu koma ba. Me zan nuna masa, rami?"

Ban ƙara cewa mu koma ba. Wannan ne wurin da tambayata take tsayawa kullum.

Wani mai sayar da lemo da rumman ne ya warware mana. Ya zo cin abinci, ya ji ina yi wa Hajiya Tamu mitar miyar kuka, ya ce, "Akwai wani a kwarinmu da ba shi da zance sai tuwon dawa miyar kuka. Agali Ɗan Kano muke ce masa." Na saki ludayi a tukunya.

Motar kayan mai lemon ce ta kai mu, yini biyu kan hanyar da ba hanya ba ce, ƙashin bayana har yau yana tunawa. Amma da muka shiga duwatsun sai Malam ya miƙe zaune kamar ango. Baƙaƙe ne, wasu sun kai gajimare, wasu a tsattsage a jere kamar damin rake.

"Dije, dubi! Wannan wuta ce ta dafa shi, daga cikin ƙasa ya kwararo. Dubi wancan, ruwa ne ya lashe shi." Yana nunawa yana tari. "Shekara hamsin ina fasa su, ban taɓa zama na kalle su ba."

Can cikin kwari, tsakanin baƙin dutse, sai ga kore: dabino, alkama, rijiya. Wani dogon tsoho ya fito daga lambu, ya tsaya, ya sauke rawaninsa daga baki, abin da Buzu ba ya yi a gaban mutane.

"Mai Guduma? Inna Dije? La'ilaha illallahu. Ina gajiya, ina hanya, ina mutan Durun? Inna, ina tuwona?"

Na ce, "Wani ɗan yayanka ya cinye guzurin a Damagaram."

Suka rungume juna, ɗaya ba ya ji, ɗaya kuka ya hana shi magana. Matarsa Fatimata ta dama mana tukuɗi, furarsu ta gero da cuku da dabino. Agali ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ga takardun nan a naɗe cikin fata, da zane-zanen awo, da hatimi, da hotuna. A ɗaya ga Malam da baƙin gemu, ya ciji ƙotar guduma, ga hannuna a gefe riƙe da dutsen bugu. Agali ya ce malamar ta rubuta cewa irin Kuge kaɗan ne suka rage a zaune inda Allah ya ajiye su. Ya ce zai haɗa mu da wasiƙa zuwa ga wani ɗalibinta da yake koyarwa a Kano.

"Amma takarda ba ta gadi," in ji shi. "Ni na yi gadi, na sani. Gobe ku zo ku ga yadda muke yi."

Da safe aka ɗora Malam a jaki. Agali ya kai mu wani bango na dutse da mutanen dauri suka sassaƙa raƙuman dawa a jikinsa, da shanu masu dogon ƙaho, a wurin da yau ko ciyawa babu. Ba katanga, ba siminti. Ƙananan duwatsu kawai aka jera a ƙasa, baƙo ba ya tsallake su. Matan ƙauyen ne suke karɓa-karɓa, kowace da ranarta, ta zauna da saƙar tabarmarta, in baƙi sun zo ta yi musu bayani, ta hana su zuba ruwa ko shafa alli don hoto ya fito.

Fatimata ta nuna mini wani raƙumin dawa da ba shi da ƙafar gaba. Wurin fari fat, sabon ciwo.

"Wani baƙo ne," in ji ta. "Ya yi ta kuka don wurin ya burge shi. Da na juya ya ɓalla ya sa a aljihu. Wai zai nuna wa mutanensu don su san darajar wurin."

Agali ya ce, "Ba mugu ba ne. Mugu muna ganinsa daga nesa, da motarsa da nakiyarsa. Irin wannan ne ba a iya tsarewa, don da ƙauna yake zuwa."

Na zauna a kan yashi, na kwance haɓar zanena a gabansu, na miƙa hannu. Agali ya kalli guntun, ya kalle ni, ya ja rawaninsa ya rufe baki.

Malam ya ce, "Mene ne?" Ya sauko daga jakin, ya karɓa, ya juya shi sau ɗaya. Ban gaya masa ba, bai tambaya ba.

"Gefen gabas," in ji shi. "Ƙasan gurbi na biyu."

Ya ɗora shi a haƙori, ya ƙwanƙwasa da farce. Ni na ji abin da ya fito, ƙwas, kamar kowace tsakuwa a bakin hanya. Ya dunƙule shi a hannu ya koma kan jaki.

Shekara arba'in da shida muna tare, bai taɓa yini bai yi mini magana ba sai ranar. Na kai masa ruwa ya karɓa, na kai masa abinci ya juya baya. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, numfashi yana fita da ƙyar. Agali ya nemo malamin asibitin da yake zagaya ƙauyukan, ya saurari ƙirjin, ya girgiza kai, ya ce hanyar Agadas za ta ƙarasa shi kafin a kai rabi.

Ina gasa masa ƙirji da tsumma sai ya ce, "Dije."

Na ce, "Na'am," na manta ba ya ji, na gyaɗa kai.

"Ni da na mai da tsauni goma tsakuwa, da wane baki zan yi miki faɗa? Abin da ya ci mini rai, gudumata ce." Ya huta. "Kuma bugun ma ba ki iya ba. Allah ne ya kiyaye, yatsa biyu ya rage ki samu jijiyar, da kin raba shi gida biyu."

Na kifa kaina a hannunsa. Ya bar ni na yi kukana.

Ya cika ranar Alhamis da hantsi, a inuwar dabino, kansa a cinyata. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mutanen kwarin suka yi masa wanka da salla kamar nasu. Agali da kansa ya zaɓi duwatsun da aka jera a kan kabarin, yana ƙwanƙwasa kowanne, ya ce ba zai ɗora wa Mai Guduma ruɓaɓɓe ba.

Limaminsu ya ce ya halatta in koma gida in yi takaba a ɗakina. Fatimata ta ɗinka takardun cikin wata jakar fata ta rataya mini a wuya ta cikin riga. Hanyar dawowa ban ga komai ba. Na san dai Hajiya Tamu ta raka ni har tasha ta damƙa ni a hannun direba da zagi da addu'a, na san a Damagaram na riƙe kayana da hannu biyu.

Na iso Durun bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas. An riga an share hanyar mota har gindin tsauninmu. Babban ɗana ya kai takardun wajen hakimi, ya kai wasiƙar Kano. Bayan kwana tara aka ce masana za su zo su gani da idonsu.

Mata suka ce mai takaba ba ta hawan tsauni cikin maza. Na aika wa liman. Ya ce in lalura ce, da rana, ba kwalliya, ba laifi. Na ce lalura ce.

Abin da ba wanda ya sani, tun ranar da na ɓalgace shi ban ƙara buga Kuge ba. Ban san ko yana da sauran murya ba. In masana suka zo ya yi ƙwas, to ni na kashe shi, ba kamfani ba, kuma Malam ya kwanta a ƙasar mutane a banza.

Suka hau: hakimi, dagaci, malamin jami'ar da aka kai wa wasiƙar, mutum biyu daga masu kula da kayan tarihi, da wakilin kamfani yana duban agogo. Malamin yana gwada hoto da dutse, sai ya tsaya a gefen gabas ya ce, "Nan a hoto a cike yake. Wa ya yi wannan?"

Dagaci ya yi wuf ya ce, "Ma'aikatan kamfani ne, ba shakka."

Da na yi shiru, da maganar ta taimake mu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce." Na kwance haɓar zani, na ba su labarin tun daga ƙuli-ƙuli har raƙumin dawa mai ƙafa uku.

Wakilin kamfani ya ce, "To kun gani. Masu shi ma fasa shi suke yi. Hajiya, dutse dutse ne."

Na ce, "Ni ba Hajiya ba ce, ɗana, Abzin na je. Matsa."

Na ɗauki dutsen bugun, na ɗaga shi sama na sauke a gurbi na fari da duk ƙarfin da ya rage mini.

Amon ya tashi ya gangara kwari. Awaki suka ɗaga kai. Na bi gurabun ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa muka ga mutane suna fitowa daga gidaje, wasu da bokiti, sun ɗauka gobara ce, har daga ƙauyen gaba. Wakilin ya daina duban agogo. Malamin jami'ar ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce in ƙara.

Gurbi na biyu ya ɗan dushe. Ba wanda ya lura. Ni na ji, kuma zan ci gaba da ji har in mutu.

Kafin ruwan fari takarda ta fito: ba fasa dutse a tsaunin Kuge, ba nakiya kusa da shi. Kamfanin ya kwashe injinansa. Dagaci, Allah ya saka masa, ya aiko da buhun siminti a liƙa guntun a kuma zagaye wurin da katanga. Na mayar masa da abinsa, na yi godiya. Guntun na tura shi ƙarƙashin Kuge, inda iska take ratsawa. Muka jera ƙananan duwatsu a ƙasa yadda na gani a Abzin. Mu tara ne mata, kowace da ranarta. Makarantu suna zuwa daga Kabo da Gwarzo, wasu har daga Kano, kuma duk wanda ya zo, kafin in nuna masa gurabun sai na fara nuna masa tabon, in ce ga aikin mai ƙauna. Jan fentin yana nan a gindin tsaunin. Na hana a kankare, don kada mu yi barci.

Malamin ya ce kada kowa ya riƙa bugu, mutum ɗaya ya isa, a cikin gurabun kawai. Ni aka bar wa. Baƙi sukan ce, "Inna, a hankali mana, hannunki zai yi ciwo." Ba na ba su amsa. Amsar tana can a inuwar dabino, ranar Alhamis ɗin nan, sanda ya buɗe tafin hannuna ya sa mini guntun ya naɗe yatsuna a kai. Bayan wannan bai ƙara magana da ni ba, sai kalmar shahada da ya yi wa Ubangijinsa. Ya ce:

"Dije, mai da ɗan nan wajen uwarsa. In kin je ki buga da ƙarfi, kin san ba na ji sosai."